Za a tura mu gabashin Chadi da yara uku, wa ya taɓa zama can ya ba ni shawara?

Maman Godiya:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya zo kaina.

Maigidana fasto ne, ni kuma nas ce a wani asibiti a nan Filato. Hukumar mishan ta ikilisiyarmu ta kira shi ta ce tana so mu tafi gabashin Chadi, wajen Abeche, mu yi aiki tare da wata ikilisiyar can da ke taimakon 'yan gudun hijirar Sudan. Shi ya riga ya amsa a zuciyarsa. Tun ranar da aka nuna hotunan Adre, garin da ke bakin iyakar Chadi da Sudan, a taron mishan bai sake samun barcin kirki ba. Ni ma ban ƙi ba, amma idan ya fara maganar kira, ni tukunya nake tunani da kuɗin makaranta.

Yaranmu uku. Babbar shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana da 9, autan bai cika uku ba. Surukata ta ce ba da yawunta za a kai mata jikoki bakin yaƙi ba, a bar mata su a ƙauye. Dattawan ikilisiya sun ce a sa manyan biyu a makarantar kwana, haka duk 'yan mishan suke yi. Ni kuwa da na kalli yaron nan mai shekara 9, wanda har yanzu sai na duba ko ya cuɗa bayan kunnensa, sai gabana ya faɗi.

Ba na jin Faransanci, ba na jin Larabci. Ban san ko za a bar ni in yi aikin jinya a can ba. Kuɗin tallafinmu da naira za a riƙa turowa.

Akwai kuma wani abu da ban faɗa wa kowa ba. Baban yara yana shirin ya tara baiko daga ikilisiyoyi ya sayi buhunan gero, duk ranar da ya je wa'azi a sansani a raba bayan an tashi. Ya ce ciki mai yunwa ba ya jin bishara. Ban iya ba shi amsa ba, amma abin bai kwanta mini ba. Idan akwai wanda ya taɓa zama can, ko ya yi irin wannan aiki a wani wuri, don Allah ya faɗa mini gaskiya, ba irin wadda ake faɗa a kan bagadi ranar Lahadin mishan ba.

Kakar Abeche:

Ɗiyata, sannu da wannan nauyi. Jikata ce ta nuna mini saƙonki ta ce Kaka ga naki. Ni da marigayi Baba mun zauna a Abeche tun lokacin rikicin Darfur na farko, kuma ko bayan na dawo gida ban yanke da mutanen can ba. Zan yi tsawo, ki yi haƙuri da tsohuwa.

Ki fara kwantar wa surukarki da hankali, amma kada ki yi mata ƙarya. Abeche ba bakin iyaka ba ne. Daga can zuwa Adre kusan kilomita 170 ne, daga Adre zuwa El Geneina ta Sudan kuma wajen 30. Babban gari ne, tsohuwar fadar sarakunan Wadai, akwai jami'a da filin jirgi da babbar kasuwa. Sai dai ba zan ce miki ba a taɓa jin bindiga ba. A watan Nuwamba na 2006 'yan tawaye sun shigo garin, a Fabrairun 2008 kuma suka ratsa ƙasar tun daga gabas har cikin N'Djamena. Turawan mishan jirgi ya zo ya kwashe su. Mu da muka zo daga Najeriya sai muka kalli juna. Don haka kafin ki ɗaura ɗankwali, ki sa Fasto ya tambayi hukumarku: idan abu ya ɓaci, wa zai fitar da mu, ta wace hanya, da kuɗin wa? A rubuta a takarda. Idan wani ya ce wannan rashin bangaskiya ne, ki ce Kaka ce ta aiko ki.

Waɗanda za ku tarar kashi biyu ne, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Akwai na farko da suka gudo a 2003 da 2004, aka yi musu sansanoni goma sha biyu a gabas, irin su Farshana da Bredjing da Gaga da Djabal. Jariran da aka goyo zuwa Farshana a lokacin, yau su ma iyaye ne. Kafin wannan sabon yaƙi sun kai wajen dubu 400. Sannan yaƙi ya tashi a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnatin Sudan na Janar Burhan da dakarun RSF na Hemedti, ya zo ya faɗa wa El Geneina da mugunta. Ranar 14 ga Yuni aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, kuma cikin kwanakin da suka biyo baya mutane suka yi ta kwararowa Adre a ƙafa da jakuna da keken doki. Yawancinsu 'yan ƙabilar Masalit ne. Maza da samari aka fi tarewa a hanya. A Nuwamba aka sake yin kisa a Ardamata, kusa da El Geneina. Zuwa ƙarshen 2024 sababbin zuwa sun haura dubu 700 a Chadi, aka buɗe sababbin sansanoni kamar Metche da Arkoum, kuma kusan tara cikin goma mata ne da yara.

Ki sake karanta wannan layin na ƙarshe, domin nan aikinki yake. Fasto, komai zafin kiransa, ba zai ɗaga tabarmar ƙofar bukkar matar da aka kashe wa miji ya shiga ya zauna ba. Ba a yi, kuma idan ya yi ya jawo mata magana. Ke za ki shiga. Ke za a miƙa wa jariri mai gudawa. Ke wata rana, bayan kun sha shayi tare har kin daina zama baƙuwa, wata za ta faɗa wa abin da aka yi mata a hanyar Adre, abin da ba ta faɗa wa uwarta ba. Hukumomin mishan suna rubuta sunan miji a wasiƙar turawa, matar kuma a ce tana rakiya. A gabashin Chadi ban yarda da wannan lissafi ba.

Shi ya sa harshe ne farko. Faransanci na ofis ne da na wani ɓangaren sujada, Fasto ya fi ki bukatarsa. Ke ki kama Larabcin Chadi, shi ne na kasuwa da rijiya da sansani, kuma 'yan Darfur suna ji. Kusan ɗaya ne da na Shuwa Arab na Borno, ki nemi wata Bashuwa tun kina gida ta fara koya miki gaisuwa da ƙirga da sassan jiki. Hausarki ma ba za ta tafi a banza ba. Hanyar da kakanninmu alhazai suka bi a ƙafa zuwa Makka ta Abeche da Adre da El Geneina ta bi, da yawa suka yada zango ba su sake tashi ba, don haka za ki sami Hausawa a kasuwa. Su za su fara nuna miki gari. Ki kula da lissafin kuɗi: a kasuwa da riyal ake ciniki, riyal ɗaya kuwa sefa biyar ne, kamar dala a Nijar. Idan mai tumatir ta ce miki ɗari, sefa 500 take nufi. Sefar ma ba irin ta Nijar ba ce, ta Chadi da Kamaru daban take, kada wani ɗan canji ya haɗa ku da wadda ba za ta kashu ba.

Tunda na taɓo kuɗi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta motsi, naira kuwa kin ga abin da ya same ta tun da aka sake ta a Yunin 2023: dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a yi nisa a 2024 ta wuce 1,500. Na san iyalan da ikilisiyarsu ba ta rage musu ko kwabo ba amma abin da ke isa hannunsu ya koma kashi ɗaya cikin uku. Ku roƙa a yanka muku tallafi da sefa, ikilisiya ta ɗauki hawa da saukar canji. Kuma a sa kuɗin ruwa a lissafi, don a Abeche ruwa saye ake yi wurin masu kura da jakuna, musamman daga Maris zuwa Yuni lokacin da zafi ke neman ran mutum.

Aikin jinya: kada ki buɗe kemis a ɗakinki. Na san za a matsa miki, da an ji ke nas ce layi zai kafu a ƙofa. Ki kai takardunki ma'aikatar lafiya ta hannun ikilisiyar da ta karɓe ku, ki shiga ƙarƙashin wata cibiyar lafiya da aka sani. Sansani ma ba a shigarsa kamar kasuwa. Akwai hukumar gwamnati mai kula da 'yan gudun hijira, CNARR, akwai ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kowa can ke kira HCR, akwai kuma shugabannin da mutanen suka zaɓa a kowace unguwa. Ki gaishe su duka. Abin da za ki fi gani shi ne tamowa, zazzaɓin cizon sauro da damina, da cututtukan ruwa. A farkon 2024 shawara mai kama hanta, wadda likitoci ke kira nau'in E, ta ɓarke a Adre da sansanonin kewaye, kuma mata masu ciki ta fi kashewa. Ba ta da wani magani na musamman, ruwa mai tsabta da sabulu da masai ne. Wani lokaci sandar sabulu ta fi allurarki amfani.

Kada ki manta da 'yan gari. Ƙauyukan da ke kewaye da sansanonin su suka fara ba mutanen nan ruwa kafin wata farar motar agaji ta iso, kuma da yawansu talaucinsu bai fi na baƙin sauƙi ba. Itacen girki da rijiya da wurin kiwo su ke haɗa su faɗa. Idan za ku gyara famfo, ku gyara inda duka biyun za su sha.

Yanzu maganar gero. Zuciyarki ta faɗa miki daidai. Ki gaya wa Fasto, da ladabi, bayan ya ci abinci, cewa ni na ce kada ya yi. Mutanen nan Musulmi ne, masu riƙo da addininsu, har allunan yaransu wasu suka gudo da su. Macen da 'ya'yanta suka kwana biyu ba su ci ba za ta zauna ta ji wa'azin kowa, ta ɗaga hannu idan an ce a ɗaga, ta karɓi mudunta ta tafi. Shi zai rubuto gida cewa rayuka hamsin sun karɓi Ubangiji. Ita kuwa ta san abin da aka yi mata, kuma ba za ta manta ba. Idan akwai gero, a ba shugabannin unguwa da masu rabon abinci su nuna waɗanda suka fi bukata, a ba su a ranar da ba ta wa'azi ba, kada a tambayi kowa komai.

Batun yara zan bar wa waɗanda aka yi wa. Ni uwa ce, shaidata a nan ba ta cika ba.

Mai Bishara Daga Zonkwa:

Mama, na gaishe ki da aiki, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Ban kai in yi gardama da ke ba, amma ki bar ni in faɗi damuwata. Na ga 'yan mishan da suka tafi da wuta a zuciya, bayan shekara biyu sun zama ma'aikatan ƙungiyar agaji, sai rahoto da taron bita da hoton famfo. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna can, sun fi mu kuɗi da magani da motoci. Idan mu ma sabulu kawai za mu raba mu yi shiru, me ya sa za a ɗauko fasto daga Filato da baikon gwauraye da na zumuntar mata? Turawan mishan su Bingham da suka zo ƙasar nan a 1893, Gowans da Kent suka mutu cikin shekara guda, ba rabon gero ya kawo su ba. Da sun yi shiru, da ni da ke ba mu san Almasihu ba. Ni ban ce a sayi mutum da abinci ba. Amma ina tsoron wannan shawara ta zama mafakar masu jin kunyar bishara.

'Yar Bayan Dutse:

Malam, bari in amsa maka daga ɗaya gefen tabarma, don ni an taɓa raba mini.

Ni 'yar Gwoza ce, daga ƙauyukan bayan dutse. A 2014 muka gudu, muka tsallaka Kamaru, daga baya aka kwashe mu zuwa Minawao kusa da Mokolo, sansanin da aka buɗe a 2013. Na yi shekaru a can kafin Allah ya buɗe mini hanya na dawo. Waɗanda suka kore mu abin da suka ce ke nan: ki bar addininki ki rayu. Maƙwabtanmu Musulmi da suka ƙi bin su ma ba a bar su ba, tare muka hau dutse, tare muka yi layin abinci. To ka duba, da a ce a wannan layin wani mai kirki ya zo da shinkafa ya ce sai na zauna na ji wa'azin addininsa kafin ya auna mini, me zan ji? Zan zauna, don ina da yara. Amma zan san cewa abin da na gudo wa ne ya biyo ni da fara'a. Matan Masalit ɗin nan ba su fi ni rashin zuciya ba.

Maman Godiya, ga abin da ya fi ci mana rai, kuma 'yan'uwa masu bi ne suka fi yi. A zo da mota, a tara mu a rana, a ce mu yi waƙa, a ɗauki hoto muna riƙe da buhu, a tafi. Wata rana wani ya nuna mini fuskata a Facebook, ina sanye da zanen da na kwana uku da shi, an rubuta a yi wa waɗannan bayin Allah addu'a. Ba wanda ya tambaye ni. Ni da nake da shagon ɗinki da 'yan koyo a gida.

Wadda ba zan manta ba matar wani fasto ce 'yar Kamaru. Ba ta da abin ba mu, ita ma fama take. Ranar farko ta tambaye ni, a gida wace sana'a kike yi? Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya tun da na tsallako. Ta je ta nemo wani tsohon keken ɗinki da ya lalace a majami'arsu, muka haɗa kuɗi aka gyara, na fara ɗinka wa yara kayan makaranta. Ki yi wa matan can wannan tambaya. El Geneina babban birni ne, cikin waɗanda ke kwana a ƙarƙashin leda a Adre akwai malaman makaranta da ungozoma da lauyoyi da 'yan kasuwa. Wataƙila ki tarar da nas da ta fi ki daɗewa a aiki.

Kuma ki shirya jin labari ɗaya sau da yawa daga bakin mutum ɗaya. Kada ki ce mata ta manta, kada ki yi saurin cewa ta gafarta. Mu an yi mana wa'azin gafara tun ba mu san inda gawar mazajenmu take ba.

Ɗan Mishan:

Mama ta ce a bar wa waɗanda aka yi wa, to ga ni. Iyayena sun yi aikin bishara a wani ƙauye a Nijar, aka bar ni a makarantar kwana a Najeriya ina ɗan shekara bakwai. Tsarin ba mu muka ƙirƙiro shi ba, Turawan mishan ma haka suka yi, don 'ya'yansu aka buɗe Hillcrest a Jos a 1942, aka kuma yi Kent Academy a Miango. Tawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, kuma ba zan kira sunanta ba. Ba a zalunce ni ba, an ciyar da ni, na yi karatu, yau ina aikina. Amma abin da iyaye ba sa ganewa shi ne, yaron da aka ce masa an bar shi saboda aikin Allah ba shi da wurin kai ƙara. Idan ya ce yana kewar uwarsa, kamar yana faɗa da Allah ne. Sai ya yi shiru, kowa ya ce yaron nan akwai haƙuri. Na kai shekara talatin kafin na iya faɗa wa mahaifiyata.

Anti, shawarata: mai shekara 9 da autan ku tafi da su. Akwai makarantu masu koyarwa da Faransanci a Abeche, shekarar karatu a Oktoba take farawa. Zai yi asarar aji ɗaya wataƙila, amma kafin ku ankara shi zai riƙa yi muku tafinta. Ki tafi da littattafan Turanci da lissafi na gida ki riƙa bi da shi da yamma, don ranar dawowa. Babbar ce mai wuya, saura mata shekara ta rubuta jarrabawar aji uku, kuma sauya harshe a wannan mataki ba wasa ba ne. Ku zaunar da ita ku tambaye ta, tambaya ta gaske wadda za ta iya cewa a'a. Idan za ta zauna, a san gidan da za ta riƙa zuwa hutun tsakiyar zango, a san wa zai zo ranar ziyara, a sa kuɗin motarta zuwa Chadi na dogon hutu cikin kasafin mishan tun yanzu. Yarinya mai shekara 13 akwai abubuwan da ke tafe mata da ba za ta tambayi matar ɗakin kwana ba.

Maman Godiya:

Na gode ƙwarai, na karanta har da hawaye. Na nuna wa Baban yara, ya yi shiru dai, bai ce komai ba tukuna. Mama, ƙarin tambaya ɗaya. Ƙanwar maigida ba ta taɓa haihuwa ba, ta roƙe ni idan mun je in samo mata marainiya ko ɗaya ce ta riƙe. Ta ce ai lada ne. Yana yiwuwa?

Kakar Abeche:

A'a, ɗiyata. Ko da wasa kada wannan magana ta fito daga bakinki a Abeche.

A Oktoban 2007 aka kama wasu Faransawa na wata ƙungiya mai suna Arche de Zoé a garin, suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne. Da aka bincika, yawancin yaran 'yan Chadi ne daga ƙauyukan bakin iyaka, kuma suna da uwa ko uba ko dangi a raye, an ce musu makaranta za a sa yaran. Har bandeji aka naɗa wa wasu don a ce marasa lafiya ne. Kotu a N'Djamena ta yanke wa shida hukuncin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a 2008. Muna garin a lokacin. Makonni muka yi ba ma iya shafa kan yaron maƙwabta. Mutanen Wadai ba su manta ba, kuma baƙo Kirista da aka ji yana tambayar marayu ya gama aikinsa a ranar, ya kuma bar wa ikilisiyar garin wuta. Ban da haka, yaron da kika gani shi kaɗai sau da yawa yana da gwaggo a wani sansani ko uba da ya ɓuya a wani wuri. Akwai masu aikin haɗa iyalai, Red Cross na yi, ki kai sunansa can. Idan ƙanwar Fasto tana son lada, ta ɗauki nauyin matar da ke riƙe da 'ya'yan 'yar'uwarta a kan nata, suna da yawa.

Ɗana na Zonkwa, ban ce a yi shiru ba, kuma tsoronka yana da tushe, na ga irin waɗanda kake faɗa. Baba bai taɓa ɓoye cewa shi fasto ba ne, duk unguwa haka suke kiransa. Littafi Mai Tsarki yana nan da Larabcin Chadi, yana kan tabarmarmu kowa na gani. Mutanen can ba sa jin kunyar maganar Allah, su za su fara tambayarka me ka gaskata, me ya kawo ka, kuma malamansu sun sha zama da Baba har dare suna muhawara da shayi. Wanda ya tambaya a ba shi amsa cikakkiya. Wanda ya ce a yi masa addu'a a yi masa cikin sunan Yesu, ba a ɓoye ba. Abin da na hana shi ne a ɗaura wa'azi a bakin buhu. Ƙa'idar aikin agaji da Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka fitar a 1994 ta hana amfani da taimako don tallata addini ko siyasa, kuma ƙungiyoyin Kirista da yawa sun sa hannu, ba don sun ji kunyar bishara ba. Ka tuna kuma masu bi na Abeche yawancinsu 'yan kudancin Chadi ne, malamai da sojoji da ma'aikata, 'yan tsiraru a garin Musulmi. Mu muna da fasfo, ranar da abu ya ɓaci za mu hau mota. Su za a bari da abin da muka shuka. Fasto ya zauna ƙarƙashin dattawansu ya ji ta bakinsu kafin ya sayi ko tiya ɗaya.

Maman Godiya, kada ku tashi da damina. Daga Yuli zuwa Satumba rafukan yashi na gabas suna cika, mota takan kwana a bakin rafi tana jiran ruwa ya janye, hanyar Adre kuwa ba kwalta. N'Djamena zuwa Abeche kusan kilomita 900 ne ta Mongo, yini guda cur a bas. Ki riƙe katin rigakafin shawara na kowa, gidan sauro, matatar ruwa, da ƙaramin faifan sola. Ki sayi lafaya idan kin isa, ki koyi naɗa ta. Daddawa da yaji ki ɗauko daga gida, kuɓewa busasshiya da gero kuwa sun fi namu.

Maman Godiya:

Mun yi magana daren jiya. Shi zai fara tafiya bayan damina ya ga gida da makaranta, mu biyo shi da ƙananan biyu bayan Kirsimeti. Babbar ta ce a ba ta mako guda ta yi tunani. Maganar gero ya ce zai kai wa dattawan can. Surukata har yanzu ba ta amsa gaisuwata.

Akwai wanda ya san wata Bashuwa a Jos ko Bukuru da za ta yarda ta koya mini Larabci da yamma? Zan biya.